Madam Kaji da Ruwan Sabara

A unguwar Harobanda ta Yamai in ka tambayi gidan Habsatu Oumarou ba kowa zai gane ba. Amma ka ce gidan Madam Kaji, ko mai sayar da ƙanƙara a bakin titi zai nuna maka. Don tsokana aka laƙaba mata sunan, ita kuwa ta karɓe shi hannu biyu, har in an kira ta a waya da shi take amsawa.

Mahaifinta direban kamyo ne, babbar motar kaya, daga Dogon Dutsi. Neman abinci ya kawo shi Yamai, ya auri Bazabarmiya a wannan ƙetaren gulbi, ya zauna. Habsatu ta tashi tana faɗa da Hausa tana ba da haƙuri da Zabarmanci, ko da yake ba da haƙurin bai cika kama ta ba. Tana aji na ƙarshe a lakkol mahaifin ya rasu a hanyar Gaya. Yayanta Kabiru, wanda ya riga ya bar karatu ya shiga kasuwar Katako, shi ya riƙe gidan. Shi ya hana a cire ta daga karatu, shi ya raka ta jami'a ranar farko yana sanye da babbar rigar mahaifinsu da ta yi masa yawa. Ta karanta ilimin halittu. Ba ta kai ga zama dokta ba, domin aure da haihuwa da rashin hali sun tare hanya. Ta samu aiki a wani ɗan ƙaramin labo, ɗakin gwaje-gwaje na wata ƙungiya mai kula da lafiyar dabbobi a Lamorde, inda take ɗibar jini, tana shuka ƙwayoyin cuta a farantan gilashi, tana leƙa mikroskop har idonta ya yi ja.

Abin da ya fi kawo mutane labon nan shi ne farin kashi. Cuta ce ta ƴan tsaki, wata ƙwayar bakteriya ke kawo ta. Sai ka ga tsako ya saki fukafukai, ya rufe ido, gindinsa ya liƙe da farin zawo, kafin ka ankara rabin akurki ya tafi. Matan unguwa kan sayi kafso ja da rawaya a wurin ƴan tebur su zuba a ruwan sha. Da yana yi. Daga baya ya daina, domin ƙwayoyin sun saba da shi kamar yadda ɗan kasuwa ke sabawa da zagi.

Shugaban labon, Dokta Nassirou, mutum ne mai tsabta da taka-tsantsan, ba ya faɗin abin da bai auna ba. Ya samo wani porje, aikin tallafi na gwada itatuwan gida a kan ƙwayar. Aka tattaro bagaruwa da bedi da zogale da sabara, aka shanya a inuwa, aka daka, aka jiƙa, aka tace. Habsatu ce ke ɗiga ruwan kowane ganye a farantin da ƙwayoyi suka tsiro, ta jira ta ga ko zai share su. Na wasu ya ɗan taɓuka. Na sabara kuwa kusan kamar ruwan famfo ta ɗiga. Dokta Nassirou ya ce a cire sabara daga aikin.

A nan gardamar ta fara. Akwai wata mai kiwon kaji a Lamorde, Zeinabu, dattijuwa mai yawan magana, wadda ta daɗe tana jiƙa sabara tana ba ƴan tsakinta tun suna ƙanana. Habsatu ta lura cewa in farin kashi ya ratsa layinsu, gidan Zeinabu ma ana mutuwa, amma ba kamar gidajen maƙwabta ba.

"Dokta, a faranti babu kaza," in ji Habsatu. "Ƙwaya ce kawai da ruwan ganye. To, idan ba kashe ƙwayar yake yi ba fa? Idan jikin kazar yake tasa tsaye, garkuwarta ta yi yaƙin da kanta?"

"Tambaya ce mai kyau," ya ce. "Amma ta yiwu kuma Zeinabu ta fi maƙwabtanta share akurki ne kawai."

"Shi ya sa za mu gwada."

Ya ce a bari sai an gama abin da aka ba su kuɗi a kansa. Ba a gama ba. A wannan shekarar al'amuran ƙasa suka juya, masu ba da tallafi daga waje suka naɗe tabarmarsu, porje ya mutu da ƙafafunsa a tsaye. Dokta Nassirou ya tara ma'aikata ya gaya musu gaskiya, kowa ya nemi inda zai sa kansa. Sauran suka yi sallama. Habsatu ta tsaya.

"Makullin labo nake so, Dokta. Da mikroskop, da firigon aje jini in akwai wutar kuran."

"Ba ni da abin biyan ki."

"Ban tambaye ka biya ba."

Ya cire tabarau ya dube ta. "Habsatu, ko kin samu wani abu, wa zai saurare ki? Za a ce ina digirinki, ina wanda ya sa ki."

"Sai su tambaya. Kafin nan dai na san amsar abin da ya dame ni."

Bai ba ta makullin a ranar ba. Ta dawo washegari, ta sake dawowa, tana zama a kan benci a ƙofar ofishinsa da jakarta a cinya kamar mai jiran lokotoro a asibiti. Da ya ga ba za ta gaji ba sai ya miƙa mata, da sharaɗi ɗaya: ba za ta sa wa ko tsako ɗaya cuta da gangan ba, kuma ba za ta fita da ƙwaya daga labon ba. Ta ce dama ba ta da niyya. Cutar ba ta buƙatar gayyata a Lamorde, da kanta take zuwa.

Ta je wa Zeinabu da maganar. Za a raba ƴan tsakin gidan kashi uku. Na farko a ba su ruwa zalla. Na biyu ruwan sabara mai sauƙi. Na uku mai kauri. Zeinabu ta riƙe haɓa.

"Wato ƴata, wasu ki ba su magani wasu ki hana su, kina kallo su mutu?"

"Inna, ni ban san magani ne ba tukuna. In na ba kowa, ba zan taɓa sani ba. Ke ma ba za ki sani ba."

"Ni na sani. Uwata ta yi, kakata ta yi."

"Sun yi, kuma kaji sun mutu a hannunsu. Ina son in san nawa sabara ta tsare, nawa kuma Allah ne kawai ya yi musu sauran kwana."

Zeinabu ta yi mita har ta gaji, sannan ta yarda, ta kuma jawo wasu mata na layin suka shigo. Mijin Habsatu, Boubacar, tela ne mai ƙarancin magana. Shi ya ɗinka mata ƴan zobban tsumma masu launi uku da za a ɗaura wa tsaki a ƙafa don kada a rikice. Tun daga nan aka saba ganinta a kan moto, babur ɗinta, da sanyin safiya, kula mai ƙanƙara ɗaure a baya, tana shiga gida-gida. Takan kama tsako ta buɗe fiffike, ta ɗebi ɗigon jini daga jijiya, ta shafa a gilashi. A labo ta rina shi ta zauna ƙirga fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne mayaƙan jiki. Kuran ya ɗauke, ta jawo tebur bakin taga ta yi da hasken rana. Firigo ya huce, jinin mako guda ya lalace, ta zubar ta sake. A lokacin ne samarin fada masu zaman hira a bakin titi suka fara kiran ta Madam Kaji, suna tambayar ta ko kajin sun ba ta albashin wannan wata.

Damina ta kawo farin kashi kamar yadda ta saba. Da ya wuce, Habsatu ta ga masu ruwan sabara mai sauƙi sun fi tsira nesa ba kusa ba. Ta ruga wurin Dokta Nassirou tana haki. Ya saurare ta, ya ce ta kai shi ya ga akurkunan. Ya zagaya gidan Zeinabu hannu a baya, sannan ya tsaya.

"Waɗannan na sabara a ƙarƙashin mangwaro suke. Waɗancan na ruwa zalla a jikin katangar kwano, rana na dukan su tun hantsi. Me kika gwada, sabara ko inuwa?"

Habsatu ta dubi katangar kwanon. Gaskiyarsa ce, kuma abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Aikin wata da watanni ya tashi a banza. Ta koma gida ba ta ci abinci ba, ta yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ba. Boubacar ya ce ko za ta haƙura ta nemi aiki a wata farmasi, tunda an yi mata tayi. Ta ce masa wanda ya faɗi a gada ba ya fasa ƙetare gulbi. Ta sake ɗaura zobba, ta jera akurkuna duka a inuwa ɗaya, ta riƙa juya musu wuri. Wannan karon ta roƙi Dokta Nassirou ya riƙa lulluɓe alamar gilasan kafin ta ƙirga, don kada idonta ya ga abin da zuciyarta ke so. Ya yarda. Har ya samo mata wani ruwan gwaji da ya rage daga tsohon porje, wanda ke nuna yawan sinadarin kariya da jiki ya ƙera a kan ƙwayar.

Abin da ya fito a karo na biyu bai kai na farko daɗin ji ba, amma ya tsaya da ƙafarsa. A cikin kajin da ta gwada, waɗanda suka sha mai sauƙi tun suna ƙanana mayaƙan jininsu sun fi yawa, kariyarsu ta fi tashi da wuri, kuma mutuwa ta ragu a cikinsu, ko da yake ba ta ƙare ba. Tsakon da cuta ta riga ta kayar, sabara ba ta tashe shi. Masu shan mai kauri kuwa sun daina cin abinci, sun rame, da ta buɗe waɗanda suka mutu ta tarar hantarsu ta kumbura ta canza launi.

Haka ta gaya wa matan, ba ƙari ba ragi, a tsakar gidan Zeinabu. Ta nuna musu yawan ganye da yawan ruwa da kwanon awo. Ta ce su ci gaba da share akurki, su ware maras lafiya, wanda ya kwanta kuma a nemi likitan dabbobi. Wata ta tambaya ko za a iya ba yara. Habsatu ta ce a'a da babbar murya, ta maimaita da Zabarmanci.

Labari dai ba ya tafiya yadda aka sallame shi. Kafin ya ƙetare gada ya isa Katako ya zama cewa ƙanwar Kabiru ta gano maganin da ya gagari Turawa.

Zeinabu ce ta zo mata da kwalbar, wata ranar Talata da azahar, a ƙulle a bakin zane. Ruwa ne baƙi ƙirin, mai kauri fiye da wanda ya kumbura hantar kaji. A jikin kwalbar ga hoton Habsatu, wanda aka ɗauka a wani biki, an rubuta Dokta Habsatu a ƙasa. An ce yana maganin taifot da zawo da sanyi da raunin jiki, na manya da yara.

"Maƙwabciyata ta saya wa jikarta," in ji Zeinabu. "Yarinyar na zazzaɓi, suka ƙi kai ta asibiti, suka ce ai ga maganin Madam. Sai da ta fara amai ba tsayawa aka kwashe ta. Tana can an sa mata ruwa. An ce za ta tashi."

Habsatu ta juya kwalbar a hannunta. Ba ta buƙaci a gaya mata daga ina ta fito ba. Ta hau moto ta fara zuwa asibitin, ta ga yarinyar, ta gaya wa lokotoro abin da ke cikin kwalbar gwargwadon saninta. Daga nan ta wuce Katako.

Rumfar Kabiru tana bayan masu katako, inda ƙarar zarto ba ta barin mutum ya ji kansa. Ya yi ƙiba, ya yi furfura a gemu, yana zaune a kan buhun shinkafa. Kwalaben suna jere a gaba, fuskarta na kallon ta daga kowace ɗaya.

"Yaya, ina wuni."

"A'a, Dokta da kanta. Zauna mana."

"Ni ba dokta ba ce, ka fi kowa sani. Ka kwashe waɗannan."

Ya yi dariya. "Sabara ce fa, ba guba ba. Ba ke kika ce tana ƙara ƙarfin jiki ba?"

"Na kaza. Kaɗan. Kafin ta kamu. Wannan da ka dafa, ko kaza na ba sai hantarta ta lalace. Akwai yarinya a gadon asibiti yanzu haka."

"Ciwonta ne ya kwantar da ita, ba ni ba." Ya rage murya. "Habsatu, shekara nawa kina bin kashin kaji a banza? Turawan sun tafi sun bar ki. Ga abu Allah ya kawo gidanmu, kowa zai ci. Rabonki yana nan na aje miki."

"Ka riƙe. Sunana nake so da hotona."

"Sunan na ubanmu ne. Ni na kai ki inda kika koyo abin."

Wannan ta shige ta, domin gaskiya ce. Ya ɗauka ya gama da ita. Sannan ta ce, "Ka kai ni, Yaya, ban manta ba. Abin da aka koya mini a can shi ne kada in ce abu ya yi sai na gwada. In na yi shiru yau, wahalarka ce ta tafi a banza."

Ya juya mata baya ya ci gaba da ciniki. Ita kuma ba ta tafi ba. Ta gyara tsayuwa a gefen rumfar. Wani dattijo ya zo ya ɗauki kwalba, ta matsa kusa ta ce, "Baba, dubi hoton nan, ka dube ni. Ni ce. Ban haɗa wannan ba, ba ya maganin taifot, kuma zai iya cutar da kai." Dattijon ya dubi kwalba, ya dube ta, ya aje a hankali ya wuce. Haka ta yi wa na biyu da na uku, mai Hausa da Hausa, mai Zabarmanci da Zabarmanci. Ƴan dako suka taru suna kallo. Masu katako suka kashe inji don su ji. Kabiru ya ce mata mahaukaciya, ya ce karatu ya taɓa mata kai. Ba ta tanka masa ba, da masu saye kawai take magana. Washegari ta dawo. Rana ta uku ma ta dawo.

Magana ta isa gida. Mahaifiyarsu, wadda tsufa ya zaunar da ita, ta aika aka kira ta. Ƙanen mahaifinsu ma ya zo daga Dogon Dutsi a kan maganar. Suka ce ta tona asirin gida a tsakiyar kasuwa, ta je ta durƙusa ta ba yayanta haƙuri.

"Zan durƙusa masa a kan komai, Inna, ban da wannan," ta ce. "In ya kwashe kwalaben, ni da kaina zan je in wanke masa ƙafa."

"Ba ki da kunya," in ji ƙanen uban.

"Ina da ita, Baba. Ita ce ta hana ni barci tun da na ga fuskata a jikin abin nan."

Tsohuwar ta yi kuka, ta ce ta haifi biyu sun zama wuta da auduga. Habsatu ta riƙe hannunta har ta yi shiru, amma ba ta janye ko kalma ɗaya ba.

Kabiru ya cire hoton da sunan. Ruwan dai bai zubar ba, ya sake masa takarda ya koma sayarwa da wani suna, ta hannun masu yawo da tire. Da ta ji haka ta kira shi a waya ta gaya masa inda za ta, don kada ya ce ta ci amanarsa ta bayan gida. Sannan ta ɗauki kwalba ɗaya da hotunan hantar kajin ta kai wa masu kula da ingancin magunguna. Sun ɗauki lokaci, har ta fara tunanin an yi watsi da maganar. Daga baya suka je suka kwashe kayan, suka ja masa kunne.

Tun daga ranar Kabiru bai sake taka gidanta ba. Sallah ta zo, ta kai masa gaisuwa har gida, aka ce yana barci. A wani sunan dangi suka haɗu a ƙofa, ta rusuna ta gaishe shi, ya duba gefe kamar iska ce ta wuce. Ta shiga cikin mata ta ci dambunta da kopto na zogale, ta yi wa mai jego barka, ta tafi. A hanya sai da ta tsaya da moto a gindin wata bishiya ta share ido. Boubacar kaɗai ta gaya wa wannan.

Dokta Nassirou ya zauna da ita suka rubuta sakamakon, ya sa sunanta a gaba da nasa. An karanta shi a wani ƙaramin taro na likitocin dabbobi. Wasu sun yaba, wasu sun ce kajin sun yi kaɗan, a sake da yawa a wasu garuruwa. Ta ce ta yarda, wanda ke da hali ya sake, in ya samu saɓanin nata ya zo ya gaya mata. Labon bai farfaɗo ba har yanzu. Ta karɓi aikin farmasin na rabin yini don tukunya ta hau wuta, sauran rabin kuma nata ne.

A bana wani makiyayi mai suna Sumana, daga rugagen bayan Lamorde, ya zo neman ta. Awakinsa na fama da ciwon hantsa, nono na fita da gudaji da jini. Ya ce kakanninsa da wata saiwa suke wanke hantsar, yana son ta gaya masa ko tana yi.

"Ban sani ba," ta ce. "Awaki nawa gare ka?"

Ya faɗa mata.

"Za ka yarda a raba su, wasu a yi musu wasu a bar su? Wadda ciwon ya tsananta kuwa likita za mu kira, ba ruwanta da gwajina."

Sumana ya daɗe yana sosa gemu. Ya ce sai ya yi shawara da matarsa, domin nonon nata ne. Habsatu ta ce to ya hau bayan moto su je wurin matar tare, tun rana ba ta yi zafi ba.